Uwar Ta Ƙone, 'Ya'yan Lafiya Lau

Lahadi, bayan la'asar

Shekara shida da ɗoriya ke nan rabona da gida. Yaya ce ta tambaye ni yau a waya, kuma ta san amsar. Haka take yi tun muna yara, in tana son ta mare ka ba tare da ta ɗaga hannu ba.

Kwamfutar ta mutu ranar Alhamis. Direba, wanda muke ɗaki ɗaya da shi, ya jona hitar ruwansa a soket ɗin da take. Muka ji wani fat, wari ya tashi kamar an babbake gashi. Ya tsaya da kofi a hannu yana cewa, "Wallahi ban taɓa ta ba." Gaskiya ne, bai taɓa ta ba. In za a yi adalci ma, soket ɗin nan tun bara yake tartsatsi, mun gaya wa mai gidan har bakinmu ya bushe. Amma dai shi ya jona hitar. Na daina yi masa magana, shi kuma kullum sai in tarar ya ajiye min burodi a kan filo.

Tsohuwar kwamfutar ofis ce ta otal ɗin da nake guga. Da suka sayi sababbi, suka jibge tsofaffin a bakin ɗakin wanki, na roƙi ɗaya aka ba ni. Ba kallo nake yi da ita ba. Muryar Inna ce a ciki. Duk saƙon murya da ta aiko min tun zuwana, in wayata ta cika sai in kwashe in zuba a can, in goge na wayar. Wayar da ake ɗaukar muryar da ita a gida, ta 'yar Yaya, ta daɗe da faɗawa bokitin wanki. Ke nan babu su a ko'ina sai cikin baƙin akwatin nan da ke wari a ƙarƙashin gadona.

Da bara ne abin ya faru, da na ce a bar shi, Inna za ta aiko wasu. Ita da take zuba kamar rediyo. Amma tun da ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke.

Yaya ta ce likita ya ce a riƙa sa mata muryoyin da ta saba da su, har da tata in akwai, ko harshen zai tuna hanya. Na ce akwai. Ban ambaci hita ba.

Litinin, ƙarfe bakwai na yamma

Na ɗauki akwatin a ka na kai wa Injiniya. Shagonsa a ƙarƙashin matakalar kasuwa yake, in ya miƙe tsaye sai kansa ya bugi siminti. Mai gyaran waya ne. Duk wajensa muke zuwa don yana jin Hausa, ba don ya fi kowa iyawa ba. A bayan idonsa Goge ake ce masa, saboda ko maɓallin wayarka ne ya saki, sai ya fara goge duk abin da ke ciki.

Ya kwance murfin, ya sa hanci ya shinshina, ya nuna min wani baƙin tabo a kan babban koren allon da ke ciki.

"Uwar ce ta ƙone," in ji shi.

Na ce, "Uwar wa?"

"Wannan allon da komai yake zaune a kansa, shi muke ce wa uwa. Ta tafi. Amma ina jin 'ya'yan lafiya lau."

Ya nuna min su da bakin sukudireba. Ƙwaƙwalwa, wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu a ƙarƙashin fanka. Ram guda biyu, dogaye sirara kamar mataji. Sai rumbu, inda ake ajiya. Na ce rumbun kawai na damu da shi. Ya ciro shi ya jona a tasa kwamfutar. Wani rubutu ya fito a sikirin, na ga yatsansa ya nufi maɓalli tun kafin ya karanta. Na cafke wuyan hannunsa.

"Ɗan'uwa, hannun da nake cin abinci da shi ne fa."

"Me ya ce?"

Ya karanta. Ya janye yatsan. "Wai in goge shi."

In za a yi adalci, bai yi min ƙarya ba. Ya ce otal ɗin wani tsari dabam suka sa a rumbun, tasa kwamfutar ba ta jin yarensa. "Ni waya na sani. Amma in 'ya'yan nan suka samu uwa, shi da kansa zai tashi ya yi magana. Bar min wannan tukuna in lallaɓa tabon, wataƙila ta farfaɗo."

Na bar masa uwar. Rumbun na zura shi cikin safa, na sa a aljihun gaba.

Laraba, lokacin hutun rana

Zanen gado, rigar filo, zanen gado. Tururi har ya fara cin fatar yatsuna. Wani baƙo ya dawo da rigarsa wai layin hannu bai miƙe ba. Layin ya miƙe. Na sake goge shi, na ce a yi haƙuri.

Na sake yi wa shugabar wanki maganar hutu. Ta ce ita ba ta ƙi ba, amma na san maganar takardun zamana: in na fita ƙasar nan, ƙofa ta rufe. Na sani. Ba ita ta rubuta dokar ba. Ta ma ba ni lemo.

Alhamis, da safe

Yaya: "Ina muryar?" Na ce ana kan aiki.

Asabar, bayan magariba

Yau na yi abin da za a riƙa ba jikokin dangi labari.

Jiya na karɓo uwar daga wajen Injiniya, ya ɗiɗɗiga mata dalma a kan tabon. Na mayar da komai, na jona, na danna. Ko numfashi. Na sake da safe kafin in fita. Shiru. Da aka ba mu hutun rana, hannuna a jiƙe, na ciro waya na yi masa saƙon murya. Ga abin da na ce, don yau na ji shi ya fi sau goma:

"To, uwar dai ta mutu. Na gwada ta kowace hanya, ko motsi ba ta yi. Na haƙura. A nemo min wata, ko tsohuwa ce, in dai mai araha ce kuma za ta riƙe 'ya'yan."

Na jefa wayar a loka na koma kan guga har yamma.

Ba Injiniya na tura wa ba. Zauren hirar danginmu da ke waya na tura, inda kowa da kowa yake, daga Kawu har 'ya'yan da ban taɓa gani ba.

Da na buɗe lokar, wayar har ta yi zafi. Na farkon da ya same ni Kawu ne, ƙanin Inna. Ya fara da murya a sanyaye, Allah ya jiƙanta, Allah ya ba mu haƙuri, uwa ce ga kowa. Na zauna a kan buhun tawul. Sai ya ƙara da cewa, "Amma ɗana, maganar a nemo wata mai araha, wannan ban gane ba." Nan na gane.

Gwaggo har ta hau mota, sai a hanya aka sauke ta. Yaya kuwa tana kantin magani ta ji saƙon. Ta ɗauka wani ne a gida ya riga ta sani ya kira ni. Ta bar maganin a kan kanta, ta ruga, takalmi ɗaya ya tsinke ta bar shi a titi. Ta tarar da Inna a kwance tana kallon silin, kamar yadda ta bar ta.

Ban san Yaya ta iya zagi haka ba. Ta zage ni, ta zagi kwamfutar, ta zagi wanda ya ƙera ta. Ta ce, "Shekara shida ba ka zo ba, ranar da ka tashi aiko da labari kuma wannan ka aiko." Tana da gaskiya. Ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ni zanen gadon baƙi nake gogewa.

Dole na faɗi maganar hita. Direba yana jina, ya ja bargo ya rufe kansa.

Lahadi, da hantsi

Yaya ta kira. Na zaci ragowar zagin ne.

"Na sa mata saƙonka," in ji ta.

"Yaya, me ya sa?"

"Ta ga na shigo da takalmi ɗaya, tana ta bi na da ido. Na ce bari ki ji abin da ɗan lelenki ya ce a kanki. Na yi mata bayani, na kunna. Da aka zo wajen mai araha..." Sai ta tsaya. Na ji tana jan hanci. "Dariya ta yi. Da gefen bakin da yake motsi. Har da sauti. Tun da abin ya same ta ba mu ji sautinta ba sai jiya. Na sake kunnawa, ta sake yi."

Na ce ko an ɗauki dariyar a waya.

"'Yata ta ɗauka. Ba zan tura maka ba. In kana so, ka zo ka ji da kunnenka."

Na je aiki na ƙona hannun rigar wani. Ban ji haushi ba ko kaɗan.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Sabuwar uwa ta iso. Ba sabuwa ba ce, ta taɓa aure. Injiniya ya ce ramin ƙwaƙwalwarta iri ɗaya ne da na tsohuwar, wannan shi ne babba.

Na kawo ta gida ina murna, na zura ta cikin akwatin. Ta ƙi shiga. Ramukan sukuru ba su zo daidai ba, ƙofofin baya sun kalli ƙarfe. Na ce to a bar akwatin. Na jawo wayar wuta, sai ga filogi ɗan ƙarami, ita kuma bakin da take jira dogo ne mai ramuka jere biyu. Fankar ma a jikin akwatin ake ɗaure ta, ba a jikin uwa ba. Har maɓallin kunnawa nasu ne na kansu.

Wato kamfanin da ya haɗa ta da gangan ya yi haka. Ya ƙera kowane abu yadda ba zai zauna da kowa ba sai uwar da aka haɗa su tare, don in ta mutu ka zubar da gidan gaba ɗaya ka sayi sabo. Wani ya zauna a ofis mai sanyi ya yi wannan tunanin, aka biya shi, ya koma gida ya rungumi 'ya'yansa. In za a yi adalci, shekara da shekaru akwatin nan ya yi aiki bai taɓa tari ba. Sun iya ƙira. Zuciya ce ba su da ita.

Direba ya leƙo. "Sun ƙi ta?"

Na manta ba ma magana. Na ce, "Wasu sun ƙi."

"Haka yara suke da farko," in ji shi. Ya ƙara min burodi.

Alhamis, da safe

Yaya: "Ina muryar?" Ana kan aiki.

Ta ce abinci ya fara yi wa Inna wuyar wucewa. Ta faɗa da sauri, ta wuce maganar kuɗin makarantar 'yarta, wanda ta san na riga na tura.

Juma'a, bayan la'asar

Ranar hutuna. Na buɗe teburin gugana a tsakiyar ɗaki, don shi kaɗai ne abu mai shimfiɗa da muke da shi. Na ɗora kwalin sabuwar uwar, na ɗora ta a kai. Wani mai koyar da haɗa kwamfuta da nake kallo a waya ya ce kafin ka taɓa komai ka taɓa ƙarfe, don wutar jikinka ta fita. Na taɓa ƙarfen taga. Direba ya ce ko in taɓa shi ma, wai tun Alhamis ɗin nan wutar jikina take dukansa.

Shi ya riƙe fitilar waya. Na ɗaga ɗan hannun ƙarfen da ya danne ƙwaƙwalwar, na ɗauko ta da yatsu biyu. Ba ta kai nauyin kwandala ba. Akwai ɗan alamar zinariya a kusurwa ɗaya, dole ta kalli irinta a ramin. Ƙarƙashin ramin kuwa wasu gashin ƙarfe ne tsaitsaye, in ɗaya ya lanƙwashe an gama.

"Da hagu za ka sa?" in ji Direba.

"Da hagu nake komai."

"Shi ya sa saƙo yake zuwa inda ba a aike shi ba."

Sai da na ajiye ta na gama dariya. Bahago Inna take ce min. Ta yi fama da ni ina yaro, tana mayar min da cokali hannun dama, ina mayar da shi. Daga baya ta haƙura, ta ce a bar shi, wataƙila ta nan arzikinsa zai shigo.

Ƙwaƙwalwar ta zauna lum, ba gardama. Na goge busasshen man da ke bayanta, na ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa. Injiniya ya ba ni aron wata tsohuwar fanka mai ƙafa huɗu, na dasa. Na sa ram biyu a hankali, kamar mai sa wa jariri hula. Na ciro rumbun daga safa.

Saura akwatin wuta mai dogon filogi. Sai ƙarshen wata.

Tana nan a kan teburin guga, tsirara, wayoyi a waje. Na lulluɓe ta da rigar filo.

Lahadi, ƙarfe takwas na dare

Direba ya dawo da leda ya ajiye a kan gadona. Akwatin wuta ne, sabo fil, da dogon filogi.

"Wani fasinja ne ya manta a mota."

"Fasinja."

"Eh. Na jira shi, bai dawo ba."

"Daidai irin wanda nake nema."

"Ikon Allah ke nan."

Mutumin da yake raba sabulu biyu don ya kai wata. Na ce Allah ya saka wa fasinjan. Ya ce amin, ya juya yana neman abin da bai ɓata ba a cikin jakarsa.

Na jona komai. Da yake babu maɓalli, sai ka haɗa wasu ƙananan ƙusoshi biyu da bakin sukudireba. Na taɓa ƙarfen taga. Na haɗa.

Fanka ta juya. Muka kalli juna. Sikirin kuwa baƙi ƙirin.

Muka jira. Direba ya ce wataƙila kunya take ji. Na kashe, na sake. Fanka tana juyawa, sikirin baƙi.

Litinin, da safe

Baƙi.

Talata, lokacin hutun rana

Na kira Yaya. Bayan muryarta ina jin takun mutane da yawa, da wani abu mai ƙara ɗiɗ, ɗiɗ, ba ya fashi. Ban tambayi inda suke ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ta ce, "Bari in kara mata a kunne." Na yi magana. Na ce Inna ni ne, Bahago. Na ce sabuwar uwar ta zo, mai arahar, amma ba ta kama ƙafarki ba, ko magana ba ta iya ba. Na ce na ci abinci. Na ce zan zo. Na yi ta zuba har shugabar wanki ta leƙo, ta gan ni, ta ja ƙofar a hankali.

Yaya ba ta tambayi muryar ba yau.

Laraba, bayan magariba

Na cire kowace waya na mayar. Na canza wayar sikirin. Na hura ramuka. Injiniya ya tafi sayo kaya, shagonsa a rufe. Fanka tana juyawa.

Na zagi kamfanin. Na zagi mai gida. Na zagi wanda ya fara cewa a tafi nema. Direba yana zaune yana yanke farce.

Alhamis, da asuba

Yaya ta kira.

Alhamis, da rana

Ban je aiki ba.

Juma'a, da hantsi

Kawu ya kira. Ta'aziyyar ranan nan ya maimaita, kalma bayan kalma, da muryar nan tasa a sanyaye. Na yi ta jiran ya kai wajen da zai ce bai gane ba. Bai kai ba.

Wannan karon ban gyara wa kowa magana ba.

Asabar, bayan la'asar

Ɗakin ya cika da takalma. Direba ya tura teburin guga jikin bango, ya aro kujeru a maƙwabta, ya yi ta dafa shayi. A wani soket yake jona hitar, can a baranda. Mutanen wanki sun zo. Shugabar ta zo da lemo, ta zauna a bakin gado ba ta san abin da za ta ce ba, ta ce layin guguna ya fi na kowa miƙewa.

Kowa tambayarsa ɗaya: yaushe rabonka da ita. Na daina lissafi da baki, yatsu nake ɗagawa.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Injiniya ya dawo daga tafiya, ya zo gaisuwa. Ya yi addu'a, ya sha shayi. Idonsa yana ta komawa kan rigar filon da ke jikin bango.

"Allon," in ji shi. Ya yi tari. "Allon ya tashi?"

Tun ranar da ya ce min uwa ake ce masa, ban sake jin ya kira abin nan allo ba. Na so in ce masa ba komai, ya faɗi kalmar. Ban iya ba.

Na ce fanka kawai. Ya ɗaga rigar filon, ya duba, ya sa ɗan yatsa ya taɓa ram ɗaya, sai ga shi yana rawa.

"Lallashinsa ka yi. Wannan ba a lallashinsa. Danna shi za ka yi har sai ya ce ƙas."

"Ina tsoron ya karye."

"Ba ya karyewa. Danna."

Na danna da babban yatsan hagu. Ƙas. Na danna ɗayan. Ƙas. Na haɗa ƙusoshin. Baƙi. Ya ce a cire ɗaya a gani. Na cire na dama. Baƙi. Na mayar da shi, na cire na hagu.

Rubutu ya fito fari a kan baƙi, yana gudu, sannan hoton nan na tsauni da otal suka bari a kai. Ashe ram ɗaya ya bi tsohuwar tun ranar hita, ɗayan kuma bai zauna ba.

Dannawa ɗaya. Tun Lahadi waccan.

Direba ya buɗe baki, na ɗaga masa hannu. Injiniya ya miƙe, ya sunkuya kamar yana ƙarƙashin matakala, ya ce shi zai wuce. Hannayensa duka biyu a aljihu, don kada in ce ya taɓa wani abu.

Na ga jakar da muryoyin suke ciki a sikirin. Ban buɗe ba. Na kashe.

Talata, lokacin hutun rana

In za a yi adalci, likitan cewa ya yi wataƙila. Yaya ma ta gaya min daga baya cewa tun kafin Lahadin nan sun riga sun san ba za ta tashi ba. Ina ta gaya wa kaina haka a kan kowane zanen gado. Wani lokaci ina yarda.

Laraba, bayan magariba

Na jona 'yar sifika, na kunna, na kira Yaya. Gidan ya yi shiru a bayanta, baƙi sun watse.

Na ce, "Ta tashi."

Ta ce, "Me zan yi da shi yanzu?"

"Ban sani ba. Ni ma ban buɗe ba. Ba na so in ji ni kaɗai."

"To sa."

Na danna na farkon da hannuna ya faɗa kai, na kara wayar a bakin sifikar. Aka ji shuuu, aka ji kaza a nesa, sannan:

"Ya kama? In yi magana? To. Bahago, kana jina? Ni ce. Ka ci abinci? An ce can sanyi ake yi, ka riƙa rufe ƙirjinka, kai da ba ka da nama. Yayarka tana nan, ta ishe ni da faɗa, wai in daina ɗaukar ruwa. Ita ta haife ni ko ni na haife ta? Amma ka riƙa kiranta, tana kewarka, ba za ta faɗa ba, halin ubanku ta ɗauko. Maganar suruka kuma na gaji, ko bahaguwa ce ka kawo min. To shi ke nan. Ke, kashe abin nan, kada kuɗinsa su ƙare. Kin kashe? Ai yaron nan ya rame a hoton nan, ni dai na gani..."

Nan ya yanke.

Direba ya fita baranda. Ina jin numfashin Yaya.

"Ni ce mai faɗa," in ji ta. "Ni."

"Haka ta ce."

"Sa wani."

Muka ji wani, da wani. A kowanne sai ta ce a kashe abin, kuma a kowanne ba a kashe ba sai ta ƙara magana. Yaya tana kuka tana gyara mata labari: ƙarya ne, ba ranar ba ce, ba ni na fasa tulun ba. Har katin wayata ya yi gargaɗi.

Kafin ta ajiye ta ce, "Kai. Ka ci abinci?"

Da muryarta ta faɗa, amma hawa da saukar ba nata ba ne. Na ce na ci. Ta ce ƙarya nake, in tashi in ci, kuma in rufe ƙirjina.

Alhamis, da safe

Na tashi na tarar da saƙo daga Yaya, ba rubutu ba komai. Na kunna. Muryata ce daga nesa, tana cewa ko tsohuwa ce, in dai mai araha ce. Sai wani sauti a kusa, a shaƙe, a karkace, yana fita da ƙyar yana komawa yana sake fita. Na kunna wa Direba. Ya ce, "Ashe haka take dariya." Na ce a'a, da ta fi haka. Amma ita ce.

Na zuba shi a rumbun tare da sauran. Na tura wa Yaya duka, na tura wa Kawu, na zuba a wayar Direba, na zuba a katin ajiya biyu da Injiniya ya ba ni kyauta. Sau uku na duba sunan kafin in danna.

Juma'a, bayan la'asar

Ina buƙatar teburin guga, rigunana sun yamutse. Injiniya ya ce zai samo min akwatin da zai ɗauki sabuwar. Ya ce tsohuwar kuma in kawo ya jefa cikin tarkace. Na ce to. Na nannaɗe ta a rigar filo na sa a ƙasan jakar tafiyata.

Akwatin kamfani ya tafi, da fankarsa, da akwatin wutarsa, da maɓallinsa. Ga abin da na tsira da shi:

Ƙwaƙwalwa ɗaya.

Ram ɗaya cikin biyu.

Rumbu ɗaya.

Sukuru bakwai, sauran suna ƙarƙashin gadon Direba.

Saƙon murya ɗari huɗu da goma sha ɗaya.

Dariya ɗaya.